Babi Na Biyar: Daren Farko Da Sauran Dararen

In magariba ta kawo jiki a unguwar Briketeri ta Yawunde, hanci ne ke fara gaya maka inda kake. Hayaƙin tsire, wanda a nan ake ce wa soya, yakan taso daga bakin titi ya gauraye da turaren wuta da warin man babura. Ma'aikatan gwamnati sun sauko daga ofisoshinsu, kwat a kafaɗa, sun yi cincirindo a gaban masu tukuba. Ladan na gyaran murya. Kekunan ɗinki kuwa ba ruwansu da faɗuwar rana.

A wani shagon tela da ke cikin lungu nake zaune, ina jiran a ƙarasa mini wuyan riga, sai ga wata dattijuwa ta yi sallama da ƙunshi a hammata. Ta kwance shi a kan tebur. Farin yadi ne ƙal, ba zane ba ado. Ta ce, "Ɗan nan, kalmashe mini bakinsa. Jibi nake so." Telan bai tambaye ta na mene ne ba, ya dai ce, "To, Inna, Allah ya sa alheri." Da ta fita sai ya dube ni ya ce, "Malam, duk ɗinkin bikin nan babu mai arhar wannan. Amma shi ne ke hana uwar amarya barci."

Gidaje da yawa sun daina wannan al'ada ta shimfiɗa farin ƙyalle a daren da aka kai amarya. Malamai sun yi wa'azi a kanta, 'yan boko sun kira ta ƙauyanci, angwayen yanzu ma kan tsere da amarensu zuwa otal don kada tsofaffi su kwana a bakin ƙofa. Sai dai tambayar da ƙyallen ke amsawa tana nan daram. Ita ce ke ƙasan kusan duk wata shawara da ake yankewa game da 'ya mace a unguwar: makarantar da za ta shiga, ajin da za a cire ta, motar da za ta hau, lokacin da za ta dawo, wanda za ta aura, da gaggawar da za a yi a aurar da ita.

Kafin a gane nauyin tambayar sai an san wurin. Jamusawa ne suka kafa sansani a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, a ƙasar mutanen Ewondo. Ba a daɗe ba fatake Hausawa suka biyo sawu, masu neman hauren giwa da roba da goro. An yi ta ɗaga zangonsu daga nan zuwa can, har a shekarun 1930, zamanin Faransa, aka zaunar da su a Ekudu, inda ake gasa jan bulo tun lokacin Jamus. Daga wannan matoyar bulo sunan ya fito, Briqueterie da Faransanci, ko da yake kunnen Bahaushe ba ya rasa jin ƙamshin "birkita" a cikinsa, kuma wanda ya ratsa lungunan da damina ba zai ce kunnen ya yi ƙarya ba. A bakin mutanen kudu duk mai sallah "Hausa" ne. Don haka unguwar ta haɗiye Fulani da Barebari da Bamun da Kotoko, da 'yan Nijar da Najeriya da Mali da Senigal, ta mai da su dangi ɗaya a idon birni.

To ga unguwar Musulmi 'yar ƙarama a tsakiyar babban birnin da mafi yawan mazaunansa Kiristoci ne. Kano tana da ganuwa, Zariya tana da ita. Briketeri ba ta da ko shingen kara. Ka taka kaɗan kana kasuwar Mokolo, ka gangara kana gaban babban zauren wasannin da 'yan Sin suka gina. Gidan giya da masallaci suna jin muryar juna. Mutanen da ba su da ganuwar ƙasa sukan gina ta wani abin, kuma abin da na lura da shi a zangunanmu, daga Kumasi har Yawunde, shi ne da jikin 'ya'ya mata ake gina ta. Namiji zai sa wando da riga irin ta kowa, ya yi Faransanci irin na kowa, ya yi ciniki da kowa. Yarinyar ce aka ɗora wa aikin nuna cewa mu daban muke. In ta zame, ba za a ce wance ta yi kuskure ba. Cewa za a yi ta zubar mana da mutunci a gaban arna, ta ja wa uwarta jifa, ta rufe wa ƙannenta ƙofar aure.

Harshen kansa ya nuna inda kayan suka karkata. Kalmar budurwa tana ɗauke da ma'ana biyu a cikinta, shekaru da kuma hali na jiki. Saurayi kuwa shekaru ne kawai. Ana cewa ta kai budurcinta ɗakin miji, kamar wani kaya ne da aka ba ta ajiya tun tana goye, za ta miƙa wa mai shi. Ban taɓa jin an ce wane ya kai samartakarsa ɗakin matarsa ba. Wadda ba ta kai ba, samari na da sunan da suke kiranta da shi, fanko, wato gidan ashanar da babu tsinke a ciki. Na daɗe ina neman takwarar wannan kalma ta maza. Abin da na samu shi ne "ɗan duniya" da "ya taɓa ƙuruciya", kuma duka biyun da murmushi ake faɗinsu.

Samarin Briketeri sun san wannan rangwame, suna kuma morarsa. Akwai wani tsari da kowa ya sani amma ba a faɗinsa a zaure. Yaro yana da "kofin" ɗinsa, abokiyar holewa, can wajen Melen ko kusa da jami'a a Ngoa-Ekelle, sau da yawa ba Musulma ba. Da ita ake zuwa cin kifi, da ita ake hira ta gaskiya, ita ta san bashin da ake binsa da abin da ke ba shi tsoro. In lokacin aure ya yi sai ya ce wa mahaifiyarsa a nemo masa 'yar gida, in da hali ma daga Garwa ko Marwa ko Ngawundare, wadda idonta bai buɗe ba. Wani ɗan tireda ya faɗa mini ƙarara cewa ba zai auri yarinyar da ta taɓa yarda ya riƙe mata hannu ba, domin wadda ta yarda da shi za ta yarda da wani. Na ce masa ai kai ka roƙe ta. Ya ce gwaji ne. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Abin da wannan tsari ke koya wa namiji tun yana ɗanye shi ne mata iri biyu ne, wadda ake so da wadda ake aure. Sakin jiki da raha da faɗin abin da ke ciki suna wajen ta farko, girmamawa tana wajen ta biyu. Ranar da aka ɗaura sai ya shiga ɗaki da rabin zuciya, ya bar rabin a Melen. Ba mamaki bayan shekara biyu a ji yana da abin da 'yan Kamaru ke kira ofis na biyu.

Su ma maƙwabta suna da nasu sunan da ke tayar wa iyayen Briketeri da hankali. Zaman da mace da namiji ke yi a ɗaki ɗaya ba aure, wanda mu muke ce wa dadiro, a Yawunde sunansa viens-on-reste, masu Turancin buroka kuma su ce kam-wi-ste. Ma'anarsa a Hausa, kalma da kalma, "zo mu zauna". Bahaushe kuwa ya riga ya san abin da ke biye da zo mu zauna. Abin ya yawaita a birni, galibi saboda tsadar dukiyar aure a kudu, har ma'aikatar kula da mata da iyali takan shirya auren gayya a ɗaura wa ɗaruruwan masu irin wannan zama a rana ɗaya. Dattawanmu kan nuna su da baki su ce Allah ya raba mu. Sai dai akwai wani abin da ba su cika son a tuna musu ba. Auren da aka ɗaura a masallaci kaɗai, aka raba goro da dabino, ba a je ofishin magajin gari an rubuta shi ba, ba ya ba matar wata takarda da za ta riƙe a gaban alƙali ko wajen neman haƙƙin miji in ya rasu yana aikin gwamnati. Maza da yawa na ƙin zuwa, domin a can za a tambaye su a bainar jama'a, mace ɗaya ko fiye, a kuma rubuta amsar. Yarinyar da aka yi shekara goma sha takwas ana gadinta don ta shiga aure da tsarki, ranar da aka gaji da ita da jakar leda take fita, daidai da 'yar zo-mu-zauna.

Tsoron cikin shege ba namu ba ne mu kaɗai. A 2005 wani bincike da hukumar raya ƙasashe ta Jamus ta ɗauki nauyinsa, wanda Flavien Ndonko da Germaine Ngo'o suka gudanar, ya gano cewa kusan mace ɗaya cikin huɗu a Kamaru an taɓa danna mata ƙirji da dutsen niƙa ko muciya mai zafi tana yarinya, don kada nono ya fito da wuri maza su gani. Abin ya fi yawa a kudu, kuma galibi uwaye ne ke yi, da hannunsu, suna kuka 'yar na kuka. Mu a arewa ba mu cika ƙona ƙirji ba, aure muke yi. Binciken lafiyar iyali na 2018 ya nuna kusan uku cikin goma na matan Kamaru masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma jihohin arewa ne suka ɗauki kaso mafi tsoka. A Nijar adadin ya kai kusan kashi 76 cikin ɗari. Dokar 1981 ta yarda a aurar da yarinya mai shekara 15, sai kundin hukunta laifuka na 2016 ya zo ya haramta aurar da wanda bai kai 18 ba. Makaranta ma ta daɗe tana taya iyaye wannan tsoro, domin tun 1980 wata takardar umarni ta sa a sallami ɗalibar da ta yi ciki. Sai a watan Afrilun 2022 ministar ilimin sakandare, Nalova Lyonga, ta ba da umarnin a bar ta a aji har mako na 26, ta kuma dawo bayan haihuwa. Uban da ya ji wannan labari a Briketeri bai ce madalla ba. Cewa ya yi to ga dalilin da ya sa zai cire tasa tun daga aji uku.

In ka tambayi dattijo me ya sa, amsa biyu ce, haka muka gada, kuma haka addini ya ce. Duka biyun suna bukatar a zauna da su.

Ta gado tukuna. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta tashi ne a zamanin da ake tsarance. Saurayi da budurwa sukan kwana wuri ɗaya, su yi hira da wasa, da sanin manya, bisa sharaɗin ba za a ƙetare iyaka ba. Wanda ya ƙetare ya jawo abin kunya, amma kusantar kanta ba laifi ba ce. Ita Baba aure huɗu ta yi. Na farin auren zumunci ne da ba ta so, ta zauna ta sauke wa iyaye nauyi, sannan ta fita ta auri wanda ranta ke so, kuma babu wanda ya ce ta lalace. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, zango irin Briketeri sak, ya tarar mata na fita daga auren kulle su shiga zaman kansu, su yi shekaru, sannan su sake aure su koma kulle, mazan unguwa kuma na rububin aurensu. Ba ina yabon wancan zamani ba ne, yana da nasa ɓacin. Abin da nake cewa shi ne kakanninmu ba su ɗauki mace a matsayin ƙwai ba, wanda in ya fashe shi ke nan. Tsananin da muke gani yau sabon gini ne a kan tsohon tushe. Birni ya kawo shi, da boko da ta tsawaita zaman 'yan mata a gida, da wa'azin gyara da ya yi ƙarfi tun shekarun 1980, da cutar ƙanjamau, da wayar hannu wadda ke iya kai hoton yarinya Duwala kafin ta iso gida.

Ta addini kuwa ta fi ban mamaki, domin littattafan da malaman zauren Briketeri ke karantarwa, Risala da Muhtasar da Muwaɗɗa, ba su tafi inda al'ada ta tafi ba. Haramcin zina a bayyane yake, babu mai ja. Amma a kan mace da namiji yake daidai wa daida, kuma a Suratun Nur maza aka fara umarta da runtse ido kafin mata. A surar nan dai aka yanke bulala tamanin ga wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, aka kuma zubar da shaidarsa. Da za a zartar da wannan hukunci a kan hirar da ake yi a bakin shagunan unguwa bayan la'asar, da dorina ta yi tsada a Yawunde. Imamu Malik ya kawo labarin wani mutum da aka zo neman auren 'yar'uwarsa, sai ya gaya wa manemin cewa ta taɓa yin kuskure a baya. Da labari ya kai ga Sayyidina Umar, sai ya doke shi ko ya kusa dukansa, yana tuhumarsa da tona abin da ba a tambaye shi ba. Malaman mazhabar sun lissafa aibobin da ke ba miji damar warware aure, hauka da kuturta da albaras da cutar da ke hana saduwa, kuma rashin budurci ba ya cikinsu sai in an gindaya shi sharaɗi tun farko. Sun kuma san tun ɗaruruwan shekaru cewa tsalle ko faɗuwa na iya gusar da abin da ake nema, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zo ta tabbatar a 2018 lokacin da ta ce babu wani gwaji da ke iya nuna budurci, ta nemi a daina yinsa. Mata da yawa ba sa zubar da jini a daren farko ko da ba su taɓa sanin namiji ba. Cikin matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Nana A'isha kaɗai ya aura tana budurwa. Nana Hadiza, wadda bai yi wa kishiya ba har ta rasu, aure biyu ta yi kafin shi.

Na karanta wa gwaggona wasu daga cikin waɗannan, a tsakar gidan da take haya a unguwar, ina jin kaina malami. Ta bar ni na gama, tana tsince shinkafa. Sannan ta ce, "Ɗana, kai sai yanzu ka sani? Mu da muka yi shekara arba'in muna kai amare, ka tambaye mu kaza nawa ta mutu don rufin asiri." Ta yi dariya har da tari. Ashe tsofaffin da ke gadin al'adar su ne kuma ke fasa-ƙwaurinta, domin sun san ƙyallen maƙaryaci ne. Yakan wanke mai laifi ya kama mai gaskiya.

Inda fiƙihun ya yi wa mace tsauri shi ne batun ciki, domin a mazhabar Malik cikin da ya bayyana ga matar da ba ta da miji hujja ne. Duniya ta ga haka a shari'ar Safiya Husaini a Sakkwato, wadda aka yanke wa hukuncin jifa a 2001 aka wanke ta a 2002, da ta Amina Lawal a Katsina, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta sallama a watan Satumban 2003. A duka biyun mazan da aka ambata sun tafi gida tun a kotun farko. Laifin na mutum biyu ne, amma jikin mutum ɗaya ne ke ba da shaida.

Yanzu a duba abin da duk wannan ke yi wa auren kansa. Zance a Briketeri gajere ne kuma a tsorace ake yinsa, a soro ko a bakin ƙofa, ƙanwa na zaune a gefe. In ya wuce wata shida sai a fara cewa ya fito ko ya ba wasu wuri. Saurayi na nuna shi mai hali ne da rigar aro, budurwa na nuna ita saliha ce da sunkuyar da kai, domin an gaya mata yawan magana alamar buɗewar ido ce. Babu mai tambayar wani game da kuɗi, ko karatu, ko aiki bayan aure, ko kishiya, ko haihuwa. Hirar gaskiya, in akwai, a WhatsApp ake yinta da tsakar dare, a goge kafin asuba. Sai a wayi gari an sa rana. Yarinyar da aka yi shekaru ana gaya mata cewa jikinta abin tsoro ne, sha'awa kuma ƙazanta, cikin mako guda a kulle ta a ɗaki da mai gyaran jiki, a ɗura mata tsimi da gumba da kazar amare da haɗin Sakkwato da na Nijar, a ce maza ki zama gwana kada wata ta ƙwace miki miji. In ta noƙe a ce ba ta iya ba. In ta sake a ce a ina ta koya. Na san auren da ya mutu a wata na uku saboda amarya ta yi wa mijinta abin da ta karanta a littafin soyayya.

Duk shirin da aka yi mata na dare ɗaya ne. Na sauran dararen, kalma ɗaya ake sa mata a kunne lokacin da ake fitar da ita tana kuka, haƙuri. Fulani na ce masa munyal, kuma da wannan kalma Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa wadda aka yi wa auren dole tana shekara 17, ta sa wa littafinta suna a 2017. Da aka sake buga shi a Faransa a 2020 da sunan Les Impatientes, wato marasa haƙuri, ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare. Mata uku ne a cikinsa, kowacce an ce ta yi haƙuri, kowacce haƙurin ya ci ta. Tun a 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta yi irin wannan tambaya a Kano cikin Wa Zai Auri Jahila?, ita ma daga abin da ya same ta.

Sai saki. A nan ne lissafin ya fi ba ni mamaki. A fiƙihun Malikiyya uba na da ikon aurar da 'yarsa budurwa ko ba ta so, amma bazawara sai ta furta yardarta da bakinta. Wato mace ba ta samun muryarta sai ta bi ta ɗakin wani ta fito. Shi ya sa za ka ji 'yan mata na cewa na fari na iyaye ne. Wasu na shiga da niyyar fita, don su sauke kayan da aka ɗora musu, su samu 'yancin da bazawara ke da shi na zaɓe da sana'a da fita unguwa. Shi kuma mijin da budurci ya je saye, ya samu abin da ya biya tun a daren farko. Me ya rage ya tsaya yi? In kuɗi sun shigo sai ya sake neman wata sabuwa dal. Kano, wadda Briketeri ke kallo a matsayin madubi, ta kai har a Janairun 2009 Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa, ta shirya zanga-zangar matan da aka saki, Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin Kwankwaso ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100, a Oktoban 2023 aka aurar da 1,800 a rana ɗaya. A 2024 jihar ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, na ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini mai jawo sikila. Ga dai gwajin da ake yi wa ango da amarya da allura iri ɗaya.

Kada a ɗauka Musulmi kaɗai suka taka wannan hanya. A Amurka majami'ar Baptis ta kudu ta fara wani gangami a 1993, matasa na sa hannu a kati suna alkawarin tsare kai har aure, wasu na sa zobe. A 1997 aka buga littafin da wani saurayi, Joshua Harris, ya rubuta yana ɗan shekara 21, yana kiran matasa su bar zance gaba ɗaya, aka sayar da fiye da kwafi miliyan. A 2018 shi da kansa ya nemi a daina buga shi, ya ba da haƙuri ga waɗanda ya cutar. Binciken Janet Rosenbaum na 2009 ya nuna bayan shekara biyar masu alkawarin ba su bambanta da takwarorinsu ba wajen abin da suka aikata, sai dai sun fi sakaci da kariya, kuma mafi yawansu sun musanta cewa sun taɓa yin alkawarin. Majami'un farkawa da suka cika Yawunde suna wa'azi da irin wannan harshe, har wani lokaci in ka toshe kunne daga sunayen ba za ka bambance fasto da ustazu ba.

Akwai masu sauya lissafin a Briketeri, ba da hayaniya ba. 'Yan matan da suka gama jami'a a Sowa suka dawo da hijabinsu da digirinsu suna cewa sai an je ofishin magajin gari. Akwai limamin da na ji yana gaya wa samari a huɗuba cewa wanda ke neman Faɗima sai ya fara zama Ali. Akwai kuma zawarawa masu shagon atamfa waɗanda, in mai neman aure ya zo, sukan zaunar da shi su yi masa tambayoyin da babu budurwar da ta isa ta yi.

Daren da zan bar Yawunde an yi ruwa, wuta kuma ta ɗauke. Ina haɗa kaya sai na ga gwaggo ta ɗauko mayafi da takalmin roba. Na ce, "Gwaggo, ina zuwa a wannan taɓo?" Ta ce biko za ta. Wata yarinya ce ta yi yaji, karo na biyu, kuma dangin mijin sun roƙe ta ta sa baki tunda ita ta kai ta ɗaki bara. "Har guɗa na yi mata da asuba," in ji ta. "Mijin ya ba da rago da turmi biyu." Na tambaye ta me ya haɗa su. Ta ce ita ma ba ta sani ba, yarinyar ta ce wata takwas ke nan bai taɓa zama sun ci abinci kwano ɗaya ba, shi kuma ya ce ba ya sanin abin da zai ce mata. Ta miƙo mini tocila. "Riƙe mini nan, ɗana, ka haska ƙasa. Lungun nasu akwai kwata."